Zuwa Ibage, garin kiɗa da gahawa a duwatsun Kolombiya: tambayoyi da amsoshi

Wai ina ne ma Ibage ɗin nan?

Babban birnin jihar Tolima ne a ƙasar Kolombiya, can Kudancin Amurka. A tikiti da taswira Ibagué za ka ga an rubuta. Yana kwance ne a gindin jerin tsakiya na duwatsun Andis, tsayinsa daga teku mita 1,285, kusan tsayin Jos kenan, sai dai nan in gari ya waye garau babu gajimare akwai unguwannin da za ka hango dutsen Nevado del Tolima, wanda ya haura mita 5,200, da ƙanƙara fara fat a kansa. Mutanen garin sun ɗan wuce rabin miliyan. Wani Basifaniye mai suna Andrés López de Galarza ne ya kafa shi ranar 14 ga Oktoba 1550 a ƙasar ƙabilar Pijao, su kuwa Pijao ba su yi wa baƙin lale ba, yaƙi suka yi ta gwabzawa da su har sai da aka tashi garin daga wajen Cajamarca ta yanzu aka dawo da shi inda yake a yau. Ya ma taɓa zama babban birnin ƙasar na ɗan lokaci a 1854 sa'ad da aka yi juyin mulki a Bogota, 'yan garin har yanzu ba su daina ba da wannan labari ba.

Garin na da kyau kuwa, ko dai suna ne kawai?

Gaskiya in kyan gine-gine kake nema kada ka ɓata kuɗin motarka. Gidajen siminti ne, go-sulo, babura ta ko'ina, tsofaffin gine-ginen da suka rage ba su taka kara sun karya ba. Akwai dandalin Plaza de Bolívar da babbar majami'a a gefensa, akwai Teatro Tolima, akwai tsohon gidan yari da ake kira Panóptico wanda aka mayar gidan tarihi, rana ɗaya ta ishe ka ka gama da su. In ka yi sa'a ka zo lokacin da itatuwan ocobo suka yi fure to tituna za su koma ruwan hoda gaba ɗaya, wannan kam abin kallo ne. Amma abin da ya sa ake zuwa Ibage biyu ne, kiɗa da gahawa, shi kiɗan yana da lokacinsa, ita kuma gahawar tana can kan duwatsu ba cikin gari ba. Wanda ya zo a watan da ba a komai ya kuma maƙale a otal, zai koma gida yana cewa an yaudare shi.

To yaushe ya kamata mutum ya je?

Ko Yuni ko Maris, kuma ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Na Yuni shi ne Festival Folclórico Colombiano, babban bikin gargajiya. An fara shi a 1959, wani mai suna Adriano Tribín Piedrahita ne ya tsaya a kai, kuma ka san a lokacin Tolima na cikin jihohin da suka fi shan wuya a rikicin da suke kira La Violencia, wanda ya ɓarke bayan kisan fitaccen ɗan siyasa Gaitán a 1948, ƙauye da ƙauye ana yanka juna saboda jam'iyya. Bikin wani yunƙuri ne na a tara mutane wuri ɗaya ba da adda a hannu ba. Yana kaiwa ƙololuwa tsakanin ranar San Juan, 24 ga Yuni, da ranar San Pedro, 29 ga wata. Ana jerin gwano a babban titi, motoci an yi musu ado, ƙungiyoyin rawa daga jihohi daban-daban, ga masu shigar dodanni na tatsuniyoyinsu irin su Mohán mai gadin kogi da Patasola mai ƙafa ɗaya, ga gasar sarauniyar biki. Sai dai fa in faɗa maka tun yanzu, giya ake sha ba ta wasa ba, musamman wata barasar rake mai suna aguardiente, kuma shigar wasu ba irin wadda za ka so kana tare da iyali ka gani ba ce. Na rana da sauƙi, in magariba ta yi gara ka ja jikinka. Otal kuma yana cika yana tsada, a kama ɗaki da wuri.

Na Maris shi ne Festival Nacional de la Música Colombiana, wanda ake yi don tunawa da mawaƙa biyu, Darío Garzón da Eduardo Collazos, da suka yi tashe tare shekara da shekaru daga garin nan. Wannan zama ake a saurara, gasa ce ta mawaƙa bibbiyu, har maƙabarta ake zuwa a yi musu waƙa a bakin kabarinsu. Ni dai in za a tambaye ni, mai son jin kiɗan tsakani da Allah ya je Maris, mai son ganin cincirindo da kwalliya ya je Yuni.

Wane irin kiɗa ne? Irin salsa ɗin da muke gani a bidiyo?

A'a, salsa ta birnin Kali ce, kumbiya da bayenato kuma na mutanen bakin teku ne. Na nan kiɗan mutanen dutse ne, mai sanyi, bambuco da pasillo da guabina, sai sanjuanero mai ɗan zafi da ake rawa da shi lokacin biki. Uban tafiyar shi ne tiple, yana kama da jita amma ya fi ta ƙanƙanta, tsirkiya 12 gare shi an jera su uku-uku gida huɗu, shi ya sa in an kaɗa sai ka ji kamar mutum biyu ne ke kaɗawa. Ana haɗa shi da jita da bandola, wata mai tsirkiya ita ma, a ƙauye kuma a ƙara da ganga tambora, sarewar kara, da wani bututun gora mai tsaba a ciki da ake girgizawa.

Yadda za ka gan su ke nan: dattawa biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, ɗaya da tiple ɗaya da jita, mai siririyar murya ya ɗauki baiti mai kauri ya bi ta ƙasa, ba sa kallon juna amma numfashinsu ma tare yake fita, kuma ba wanda ke tsalle ko ihu, in an kai baitin da kowa ya sani sai ka ji duk zauren ya ɗauka a hankali har da tsofaffin mata masu share hawaye. Waƙoƙin yawanci kan kogin Magdalena ne, masunta, gonar da aka bari, masoyiyar da ta tafi. Ko ba ka jin Sifaniyanci za ka gane kewar gida ake yi.

Rawar sanjuanero kuma ta mutum biyu ce, namiji da fararen kaya da malfa da jan ƙyalle a wuya, mace da siket mai faɗi da furanni, duk rawar labarin neman aure ce, ya bi ta ta zille, ta ƙwace masa malfa, da haka har a shirya.

In na zo ba lokacin biki ba, ba zan ji komai ba kenan?

Za ka ji, amma sai ka nema. Nufi Conservatorio del Tolima, makarantar kiɗa da Alberto Castilla ya kafa a 1906, tana nan tsakiyar gari, kuma ita ce silar sunan da garin ya yi. Shi Castilla ɗin ne ma ya tsara kiɗan taken jihar. Zaurenta mai ɗauke da sunansa ana yin wasanni a ciki, ka duba allon sanarwa a ƙofa ko shafinsu na Facebook, na ɗalibai sau da yawa kyauta ne. Matar da ta riƙe makarantar shekaru masu yawa sunanta Amina Melendro, e, Amina, har akwai makarantar yara ta kiɗa da aka sa wa sunanta. Ko wucewa kawai ka yi ta layin da hantsi za ka ji ana ta gwajin kayan busa ta tagogi. A 2021 UNESCO ta sa garin cikin jerin biranenta na kiɗa.

Mu zo kan gahawa. Da gaske ta fi wadda muke sha?

In ta gwangwani ko ta leda kake nufi, wadda mai shayi ke zuba maka rabin cokali, to ba a ma haɗa su. Kolombiya ce ta uku a duniya wajen noman gahawa bayan Brazil da Biyetnam, tata kuma nau'in da ake kira arabika ce, Tolima na sahun gaba a jihohin da suka fi nomawa tare da Huila da Antioquia. Amma ga abin da ke ba baƙi mamaki: mai kyan fitar da ita waje ake yi, wadda talaka ke sha a titi saura ce. Da asuba za ka ga mata da maza suna tura ɗan keke cike da filas, suna zuba baƙar gahawa a ƙaramin kofin roba, tinto suke ce mata, an riga an zuba mata sukari ko mazarƙwaila, wadda su ke kira panela kuma suna ji da ita sosai. Direban tasi, ɗan sanda, mai shara, kowa a tsaye yana kurɓa. Ka sha don ka shiga cikin mutane, kuɗinta bai kai ya kawo ba, amma kada ka yanke wa gahawar ƙasar hukunci da ita.

Mai kyan sai a shagunan da ke rubuta sunan gona da ƙauyen da ta fito a jikin leda, sun ƙaru sosai a garin. Ka nemi ta Planadas, can kudancin jihar. Yankin nan shi ne inda Marquetalia take, wurin da 'yan tawayen FARC suka samo asali a 1964, shekara da shekaru ba mai saye da ke iya shiga, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2016 ne hanya ta buɗe sosai, yanzu masu saye daga Turai da Asiya har gona suke bin manoma. Ka ce a ba ka ba sukari ba madara ko da kurɓi biyu ne na farko, za ka ji ɗan tsami-tsami na 'ya'yan itace da zaƙi a ƙarshe, ba ɗacin nan mai kama maƙogwaro ba.

Ana iya zuwa gonar a gani da ido?

Ƙwarai, kuma shi ne abin da ya fi komai a tafiyar. Ba sai ka je Planadas ba don da nisa, a kewayen Ibage ma akwai gonaki da ke karɓar baƙi, otal ɗinka ko shagon gahawa za su haɗa ka. Mafi yawan manoman ƙanana ne, gonar ba ta kai hekta 5 ba, iyali ne ke aikinta. A yawancin jihar babban girbi yana faɗowa wajen Afrilu zuwa Yuni, sai ƙarami a ƙarshen shekara.

Gonar a jikin gangare take, irin gangaren da sai ka riƙe reshe kafin ka tsaya. Mai tsinka yana ɗaure bokitin roba a ƙugu, hannu biyu yana aiki, ja kaɗai yake cira ya bar ɗanye, don reshe ɗaya za ka ga ja da kore har da fure a lokaci guda, shi ya sa inji ba ya yi musu, kuma da kilo ake biyansa da yamma a kan sikeli. A ranar ake zuba 'ya'yan a injin ɓare ɓawo, a bar ƙwayar ta kwana a kwarami yauƙin jikinta ya saki, a wanke, a shanya a ƙarƙashin rumfar leda ko a kan rufin ɗaki ana juyawa da abin ja na katako. Kusan kilo 5 na jajayen 'ya'ya ne ke ba da kilo 1 na busasshiya. Ana sayarwa da awon da suke kira carga, kilo 125, kuma ƙungiyar manoman gahawa ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1927, kullum tana fitar da farashin ranar, manomi na duba wayarsa kafin ya ɗora buhu a mota. Wanda ya san yadda ake cutar manomi a bakin kasuwa zai gane amfanin wannan. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, da riga mai dogon hannu saboda ƙananan ƙwari masu cizo.

Me ya sa ba a jin sunan Ibage kamar garuruwan gahawa na Salento ko Armeniya?

Saboda yankin gahawa da UNESCO ta amince da shi a 2011 ya ƙunshi Caldas, Quindío, Risaralda da wani ɓangare na Valle del Cauca ne, babu Tolima, to duk 'yan yawon buɗe ido can suke tururuwa. Ribarka ce, nan ba a ninka maka farashi don an ga baƙo, hasararka kuma ita ce masu jin Turanci ba su da yawa. In kana son ganin can ɗin ma ba nisa, ta ramin La Línea ake bi, wanda aka buɗe a Satumba 2020, tsawonsa ya haura kilomita 8.

Abinci fa? Musulmi zai samu abin da zai ci?

Nan ne sai ka buɗe ido da kyau, don abincin da jihar ke alfahari da shi na alade ne. Lechona alade ne sukutum ake cusa masa nama da wake a gasa a tanda sa'o'i masu yawa, za ka gan shi an baje a cikin gilashi da kansa da komai, ba ka buƙatar tambaya. Mai ruɗin shi ne tamal, ƙullin masara da shinkafa da ƙwai da karas da dankali da kaza a ganyen ayaba, ka gan shi kamar ba komai amma akwai naman alade da kitsensa a ciki, ko an ce maka na kaza ne kada ka saki jiki. Har ranaku aka ware musu, 24 ga Yuni ta tamal, 29 ta lechona, kuma za a miƙo maka da zuciya ɗaya, sai ka yi godiya ka ce addini ya hana, ba sa jin haushi. Wake ma sau da yawa da fatar alade ake dafa shi. Ka haddace kalmomin nan a takardar abinci: cerdo, marrano, tocino, chicharrón, chorizo, jamón, manteca. Ka iya cewa sin cerdo, ka kuma tambayi man da aka yi suya da shi.

Mafita ita ce kifi. Akwai trucha na ruwan sanyi, akwai mojarra soyayye da shinkafa da soyayyar ayaba, ga ƙwai, ga wainar masara arepa, ga kunun avena mai sanyi, ga 'ya'yan itace da ba ka taɓa gani ba irin su lulo da guanábana, ka shiga kasuwar Plaza de la 21 da safe ka more. Shinkafa kam a gida take, filayen da ke ƙasan garin duk ita ake nomawa. Wanda zai daɗe gara ya kama ɗaki mai kicin. 'Yan'uwa Kirista kuwa ba ruwanku da wannan dogon bayani.

Sallah fa?

Kada ka sa ran jin kiran sallah, ka sauke manhajar lokuta da alƙibla a waya, ka taho da dardumarka. Garin na kusa da tsakiyar duniya don haka lokutan ba sa motsi sosai duk shekara, magariba wajen ƙarfe 6. Juma'a ka tsara ta faɗo kana Bogota, akwai masallacin Abubakar Siddiƙ a can. Najeriya da Nijar na gaba da su da awa 6, a kiyaye kafin a kira gida a tashi Hajiya da tsakar dare.

Yaya ake zuwa daga nan, kuma ana buƙatar biza?

Mai fasfo ɗin Najeriya sai da biza, ta intanet ake cikewa a shafin ma'aikatar harkokin wajensu, kuma suna da ofishin jakadanci a Akara. A fara da wuri. Wajen jirgi a yi hattara, in ka bi ta Faris ko Madrid ɗan Najeriya na buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, ta Amurka ma sai da biza, shi ya sa mutane suka fi bin Istanbul, Turkish Airlines na zuwa Bogota. Katin rigakafin shawara dole ne ka riƙe shi, kuma ba don jami'ai kaɗai ba, cutar ta ɓarke a Kolombiya har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya a Afrilu 2025, Tolima ce kuma ta fi kamuwa.

Daga Bogota kilomita 200 ne da 'yan kai, bas na ɗaukar awa 4 zuwa 5, ranar hutu ya fi haka. Za ka taso daga mita 2,600 kana rawar sanyi, ka gangara kwarin kogin Magdalena wajen Melgar da Girardot zafi ya rufe ka, sannan ka sake hawa, don haka a sa kaya masu cirewa. Akwai jirgi zuwa filin Perales, bai kai awa ɗaya ba.

Akwai tsaro? Mu dai Kolombiya ƙwaya muka sani.

Matsalar baƙo a Ibage ta ɓarayin waya ce, musamman masu fizge a kan babur, ba ta manyan 'yan ƙwaya na fim ba. Kada ka tsaya bakin titi kana latsa waya, da dare ka sa otal ya kira maka tasi, kada ka karɓi abin sha ko sigari daga wanda ba ka sani ba don akwai wani magani da ake zubawa mutum ya fita hayyacinsa a kwashe masa komai. Ƙauyukan kudu masu nisa kuma ba a zuwa kai tsaye, sai da ɗan gari da ya san halin da ake ciki a satin. Sauro na nan da zazzaɓin dengi, a shafa magani. Baƙaƙen fata suna da yawa a ƙasar amma ba a wannan yanki ba, za a ɗauka daga jihar Choko ko Kali kake har sai ka buɗe baki, in kuma ka sa babbar riga ko kin sa hijabi to a shirya amsa tambayoyi da ɗaukar hoto.

Bayan kiɗa da gona, sai ina?

Kwazazzabon Combeima, daga cikin gari ake hawa bas zuwa ƙauyukan Villarrestrepo da Juntas, kogi na gudu a gefe, magudanan ruwa, sanyi, gidajen cin kifi a jere. Daga kogin nan garin ke shan ruwa, shi ya sa in an tafka ruwan sama ya yi laka sai a ɗauke famfo, kada abin ya ba ka mamaki. Hawa Nevado ɗin kansa aikin kwanaki ne da jagora da kayan ƙanƙara, ba na mai yawon shan iska ba ne. Akwai Toche mai dajin dogayen itatuwan palma de cera, itacen ƙasa, wasu na kai mita 60, hanyar dai ba ta da daɗi. Mai ƙarfin zuciya ya je kufan Armero a arewacin jihar, garin da laka daga dutsen Ruiz ta binne daren 13 ga Nuwamba 1985, mutum sama da 20,000 suka rasu. Masu ƙwallo kuma ga Deportes Tolima a filin Manuel Murillo Toro, sun ci gasar lig ta ƙasa a 2003, 2018 da 2021.

Kuɗi da tsaraba fa?

Peso suke kashewa, naira da sefa ba mai karɓa, ka taho da dala ka canza a Bogota, ka riƙe tsaba in za ka ƙauye. Wutarsu 110 ce kuma soket ɗin irin na Amurka, sayi adafta. Tsaraba kuwa gahawa ce, amma ka sayi ƙwaya gasasshiya wadda ba a niƙa ba, a leda rufaffiya mai kwanan watan gashi, ta fi riƙe ƙamshi, in ka dawo ko a turmin yaji mai tsabta ka daka abinka. Biskit ɗin achira ma yana jure tafiya. Jakarka kuma kai za ka shirya ta da hannunka, kuma ko waye ya ce ka riƙe masa ƙunshin gahawa ka kai wa ɗan'uwansa a Legas ko Istanbul ka ce a'a, ko da a masallaci kuka haɗu. Ana bincike sosai da karnuka a filin jirgin El Dorado, ana kuma sake yi in ka sauka gida, ka ajiye rasit ɗin shagon da ka saya a cikin fasfo.